Tabon da ke Jikin Dutsen Sugar Loaf

Mai karatu, idan Allah Ya nufe ka da zuwa Saliyo, ka sani jirgin sama ba ya sauke mutum a cikin Freetown. A Lungi zai ajiye ka, a tsallaken ruwa, sai ka sake biyan kuɗin jirgin ruwa ya ƙetare da kai bakin kogin da ya raba filin jirgin da babban birnin. In ka shiga ƙaramin jirgi mai gudu, tafiyar ba ta wuce minti talatin zuwa arba'in ba. Ka nemi kujerar bakin taga, ko da kana cikin masu jin jiri a kan ruwa irina, domin daga nan ne za ka ga garin gaba ɗayansa a kallo guda. Duwatsu ne kore shar suka taso daga cikin teku, gidaje kuma sun ɗare jikinsu tun daga bakin ruwa har inda gajimare ya rufe. Mutumin Kano ko na Maradi, wanda ya saba da ƙasa shimfiɗe kamar tabarma, sai ya riƙe baki yana tambayar kansa yadda aka yi aka kai bulo da yashi can sama.

Waɗannan duwatsu su suka ba ƙasar sunanta. Turawan Fotugal da suka biyo gaɓar a wajejen 1462 suka kira su duwatsun zaki, sunan ya yi ta sauyawa a bakin mutane har ya iso mana a Saliyo. Ni tun ina yaro nake jin sa, don kawuna soja ne, yana cikin dakarun ECOMOG da suka shiga birnin a 1998. Labarinsa kullum guda biyu ne, ruwan saman da ba ya ɗaukewa, da shinkafa da miyar ganyen rogo. Duka biyun na tarar da su yadda ya faɗa.

Ba za ka ji baƙunta sosai ba. Mafi yawan mutanen ƙasar Musulmi ne, za ka ji kiran salla daga ko'ina, kantunan unguwa da yawa kuma na Fulani ne 'yan asalin Gini. Ko Hausa ma tana da tsohon tarihi a nan. Cikin mutanen da jiragen yaƙin Ingila suka ƙwato daga jiragen masu fataucin bayi aka sauke su a wannan gaɓa, akwai Hausawa da Barebari da Nufawa da Yarabawa. Daga bakinsu ne wani Bajamushe mai suna Koelle ya tattara kalmomin harsunan Afirka ya buga a 1854. To amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. So nake in hau da kai sama, zuwa Regent.

Daga tsakiyar gari mota za ta yi ta hawa tana lanƙwasa, ta wuce Hill Station, unguwar da Turawan mulki suka gina wa kansu don gudun sauro da zazzaɓi. Kana hawa iska na ƙara sanyi, kunnuwanka na toshewa. Regent tsohon ƙauye ne, an kafa shi a 1812 don waɗancan 'yantattun bayi, kuma har yau tsohuwar cocin dutse ta Saint Charles tana nan bisa tudu. Wuri ne mai daɗin zama, wallahi. Ga ruwa, ga inuwa, ga nisa da hayaniyar kasuwa. Duk mai kuɗin da ya zo sai ya yi sha'awar fuloti a nan, shi ma talakan da haya ta kore shi daga cikin gari nan yake dosa. Kafin ka gama yaba wurin, direba zai rage gudu ya nuna maka hannunka na sama.

Dutsen da yake nuna maka shi ne Sugar Loaf, tsayinsa ya haura mita 700. A jikinsa akwai wani faffaɗan zane da ya sauko tun daga can kusa da ƙololuwa, kamar an sa wuƙa an feɗe fatar dutsen. Shekaru sun wuce, ciyawa da ƙananan itatuwa sun rufe wani sashe, amma launin wurin ya bambanta da na dajin da ke gefensa, daga sama kuma har yanzu tsurar dutse ne ke kallonka. A Hausa tsakanin tabo da taɓo lanƙwasar harafi ɗaya ce. A nan taɓon ne ya sauko, ya bar tabon.

Ranar Litinin ce, 14 ga Agusta, 2017, da sanyin safiya. An kwana uku ana ruwa babu ƙaƙƙautawa. Makarantu na hutu, yara na gida, mutane da yawa ba su ma fito daga ɗaki ba. Sai gefen dutsen ya goce, ba sau ɗaya ba, sau biyu, da 'yan mintoci a tsakani. Ƙasa da itatuwa da duwatsu masu girman ɗaki suka rufto wa unguwar da ake kira Motomeh a gindin dutsen. Daga nan suka faɗa cikin rafin Babadorie, wanda dama ya cika ya batse, suka gauraya da ruwa suka zama wani abu mai kaurin kwaɓin siminti, mai gudun da mutum ba zai iya tsere masa da ƙafa ba. Wannan kwaɓi ya bi kwarin ya ratsa Kamayama da Kaningo, bai tsaya ba sai da ya kai teku a Lumley, tafiyar kusan kilomita shida. Mutum 1,141 aka lissafa tsakanin waɗanda suka rasu da waɗanda har yau ba a ga gawarsu ba. Sama da mutum 3,000 suka rasa muhalli. Wasu gawarwakin a gaɓar ƙasar Gini aka tsince su, teku ya kai su can. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na daɗe a tsaye a gindin wurin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shirun da ke wurin ne, da kuma sanin cewa ƙasar da nake takawa maƙabarta ce, domin ɗaruruwan mutane suna nan a ƙarƙashinta, katafila ba ta kai gare su ba. In ka je, ka yi musu addu'a, kuma ka nemi izini kafin ka ɗaga waya ka ɗauki hoton kowa. Waɗanda ke zaune a kewayen, da yawansu 'yan'uwansu ne a ciki.

Yanzu bari mu yi maganar yadda dutse ke gocewa, don mutanenmu kan haɗa abubuwa uku su kira su da suna ɗaya. Ambaliya ruwa ne ya yi yawa ya malala. Zaizayar ƙasa kuwa ci ne a hankali, ruwa na gutsurar ƙasa shekara da shekaru har ya haƙa kwazazzabo, irin wanda ke cin gonaki a Gombe da ƙasar Ibo. Zaftarewa daban take, gefen tudu ne sukutum ke rabuwa da jikinsa ya sauko lokaci guda.

Uwargida za ta fi kowa saurin gane wannan. Ki ɗora malmalar tuwo a busasshen faranti ki karkata shi, tuwon zai zauna daram, don ya kama jikin farantin. Ki sake ɗora ta a farantin da aka zuba wa miyar kuɓewa, ki karkata shi kaɗan kawai, ki ga abin da zai faru. Haka ƙasa take a kan tudu. Nauyinta kullum yana jan ta zuwa ƙasa, abin da ke riƙe ta shi ne kamun da ƙwayoyinta suka yi wa juna da wanda suka yi wa dutsen da ke ƙarƙashi. Ruwan sama yana ɓata wannan lissafi ta hanya biyu. Yana ƙara wa ƙasar nauyi, kamar yadda jiƙaƙƙen bargo ya fi busasshe nauyi. Sannan yana nutsewa har ya tarar da dutsen da ba zai iya ratsawa ba, sai ya taru a nan ya cika duk 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, yana tura su yana raba su da juna. Ranar da turin ruwan ya fi ƙarfin kamun, ranar ce tudu ke tafiya.

Duwatsun Freetown baƙin dutse ne mai tauri, amma yana da tsage-tsage, zafi da ruwan dubban shekaru kuma sun ruɓar da samansa ya zama jar ƙasa. Ruwa na bin tsagar nan yana shiga ciki. A shekara garin kan sami ruwan da ya kai milimita 3,000 ko fiye. A 2017, daga farkon Yuli zuwa ranar da abin ya faru, an auna sama da milimita 1,000. Ka kwatanta, wannan ya fi abin da Kano kan samu a damina guda cur, kuma a cikin mako shida ya sauka. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san katanga ba ta faɗuwa a ruwan farko. Sai marka ta zauna, ta sha ta ƙoshi, sannan wani ɗan yayyafi na dare ya ƙarasa ta. Shi ya sa hatsarin zaftarewa ya fi yawa a tsakiyar damina da ƙarshenta, wani lokaci ma bayan ruwan ya ɗauke, rana ta fito, kowa ya saki jiki.

Bayan abin ya faru, kusan kowa laifin sare daji ya gani. Akwai gaskiya a ciki. Dajin da ke bisa waɗannan duwatsu an keɓe shi tun 1916, amma masu gawayi da masu fasa dutse da masu yanka filaye sun ci gefensa sosai. Saiwar itace tana ɗinke ƙasar sama, ganye yana rage ƙarfin saukar ruwa, itacen kuma yana shanye wani. Sai dai ni a nawa ganin, in aka tsaya a kan itace kaɗai an sauƙaƙa maganar fiye da kima. Saiwa tana da iyakar zurfin da take kai wa. Zaftarewar da ta tsinke daga can ƙarƙashi, a jikin dutse, da itacen da saiwarsa take tafiya. Kuma ba yau aka fara ba, a 1945 ƙasa ta taɓa zaftarewa a wajen Charlotte, ƙauyen da ke maƙwabtaka da Regent, lokacin da dajin yake cike. Manyan duwatsun da ke zube a cikin kwarurrukan nan, waɗanda mata ke shanya a kansu yara na wasa a gindinsu, ba tsirowa suka yi ba. Daga sama suka zo, wata rana can baya. Abin da ya sauya tsakanin 1945 da 2017 shi ne yawan mutanen da ke kwance a kan hanyar.

A nan ne zancen ya koma na gidaje da aljihu. A farkon shekarun 1960 mutanen Freetown ba su kai 130,000 ba. Ƙidayar 2015 ta same su sun haura miliyan ɗaya. Yaƙin basasar da aka yi daga 1991 zuwa 2002 ya koro jama'a daga ƙauyuka, yawancinsu ba su koma ba. Gari ne da teku ya tare ta gaba, dutse ya tare ta baya, to ina mutum zai sa kansa? Ko ya cike bakin teku da shara ya kafa ɗakin kwano, ko ya hau tudu. In ya hau tudu kuma dole ya sare gefensa ya fitar da wuri shimfiɗaɗɗe, ya bar miƙaƙƙen bango na jar ƙasa a bayan ɗakinsa. Na samansa ma haka zai yi, ya zubo da ƙasar da ya haƙa, ya sako ruwan indararonsa da na wankinsa a kan na ƙasa. Ka taɓa ganin an jera buhunan hatsi a sito, wani ya zo ya zare na ƙasa? Sare gindin tudu ke nan. Kada ka ɗauka talakawa ne kaɗai. A Regent akwai manyan benaye na masu hali da ƙasar ta shafe kamar ba a taɓa gina su ba. Rodi da siminti ba sa tare dutse mai girman tifa.

Ka sauko ka bi kwarin da ƙafa in kana da ƙarfin gwiwa, ko ka hau acaɓa, wanda su ma okada suke ce masa. A Kamayama da Kaningo za ka ga abin da ni ya fi ba ni tsoro. Mutanen nan ba a kan tudu suke ba. Wasunsu daga ƙofar gidansu ko hango inda ƙasar ta tsinke ba sa yi. A bakin rafi kawai suke, rafin da da rani yaro ke tsallakewa. Wanda yake nesa da dutse da kilomita uku ko huɗu, ta yaya zai kawo wa ransa cewa dutse zai same shi a gado? Ga shi kuwa ya same su. Yau in ka bi wurin za ka ga sababbin gine-gine sun sake matsowa bakin ruwan. Na so in yi fushi, sai na tuna kuɗin haya, na yi shiru.

Gawarwakin da aka samu an tara su a ɗakin ajiye gawa na asibitin Connaught har wuri ya ƙare. Shugaban ƙasa na lokacin, Ernest Bai Koroma, ya ayyana makokin kwana bakwai. An kai su Waterloo, bayan gari, aka binne su a maƙabartar da aka buɗe don waɗanda cutar Ebola ta kashe shekara biyu zuwa uku kafin nan, cutar da ta ci kusan mutum 4,000 a ƙasar. Musulmi da Kirista aka jera su wuri ɗaya, da yawa babu suna. Bankin Duniya ya ƙiyasta asarar dukiya da ta haura dala miliyan 30. Abin da ba ya shiga irin wannan lissafi shi ne marayu, da rijiyoyin da suka gurɓace, da gadojin da suka karye suka raba unguwa da asibiti, da magidancin da ya fita neman abinci da asuba ya dawo bai tarar da kowa ba, kuma ba shi da kabarin da zai ziyarta.

Ba a zauna haka nan ba, gaskiya. An gyara gangaren, an buɗe wa ruwa hanya, an dasa dubban itatuwa a wurin. A 2020 ƙasar ta kafa hukumar kula da bala'o'i mai zaman kanta. A shekarar ce kuma magajiyar garin, Yvonne Aki-Sawyerr, ta ƙaddamar da shirin dasa itace miliyan ɗaya. Abin da ya burge ni a shirin, ba a dasa a watse. Kowane itace ana ɗaukar hotonsa da waya a yi masa rajista, mutanen unguwa ke kula da shi, ana biyan su ta waya in ya rayu. Mu da muka saba ganin an yi bikin dashen itace a gaban kyamara, bayan wata guda awaki sun gama da shi, akwai abin koyo a nan. Amma sayar da filaye a gefen dajin bai tsaya ba, har kusa da madatsar ruwa ta Guma wadda garin ke sha daga gare ta.

Wataƙila kana cewa a ranka, mu da muke ƙasar rairayi ina ruwanmu da wannan? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. 'Yan'uwanmu na Kamaru sun san zancen. A ƙarshen Oktoban 2019 ƙasa ta rufta wa unguwar Gouache a Bafoussam cikin dare, sama da mutum 40 suka rasu, yara da yawa a ciki. A Oktoban 2023 aka sake yi a Mbankolo cikin Yaounde. A ƙarshen Agustan 2025 ƙauyen Tarasin da ke duwatsun Jabal Marra a Darfur ya shiga ƙarƙashin ƙasa. Direbobin da ke hawa Mambila daga Mayo Selbe zuwa Gembu sun san yadda ƙasa da duwatsu ke zubowa kan titi da damina. Unguwannin bayan Abuja kuma kullum ƙara hawa duwatsu suke.

Inda ma babu tudu, mu da hannunmu muke haƙa shi. Ramin da ake ɗibar ƙasar gini, da kududdufin da ya ƙafe, da gaɓar kogin da 'yan tifa ke kwasar yashi, da ramukan masu neman zinariya, duk ƙananan tuddai ne masu miƙaƙƙen bango. A Nuwamban 2021 ramin zinariya ya rufta da mutane a yankin Ɗan Isa na jihar Maradi, aƙalla 18 suka rasu. A Yunin 2024 aka yi irinsa a Galadima Kogo ta jihar Neja bayan ruwan sama mai yawa. Sau nawa kuma muka ji an ce rami ya rufta da samari sun je ɗebo ƙasar yaɓen ɗakin ango? Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne. Ƙasa mai kyau tana can ƙasa, sai a yi ta rarake gindin bangon har ya zama kamar rumfa, a shiga ƙarƙashinta ana haƙa, ana jin daɗin inuwa. Ƙasar da ta cika ɗan akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska ta fi tan ɗaya da rabi nauyi. Ko iya ƙirji ta binne mutum, numfashi gagarar sa yake. Don Allah iyaye, in za a aiki yara ɗebo ƙasa, babba ya bi su, a riƙa sara daga sama ana kwantar da bangon, kada a bar kowa ya shiga ƙarƙashin rumfar ƙasa, musamman washegarin ruwa.

Tudu kuwa yakan yi magana kafin ya tafi, ko da yake ba kullum ba. Tsaga a ƙasa ta saman gida, mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, wadda ke ƙara buɗewa, ita ce babbar alama. Ka kafa 'yan turaku biyu, ɗaya a kowane gefe, ka ɗaura zare a tsakani, ka riƙa dubawa safe da yamma. Ƙofar da da take rufuwa lafiya yanzu sai an sa kafaɗa, katangar da ta yi ciki, turken lantarki ko itacen da ya fara karkata, duk ka ɗauke su da muhimmanci. Haka in ruwa ya fara tsattsafowa daga inda ba a san shi da ruwa ba. Masu zama bakin rafin da ya fito daga duwatsu su lura da abu biyu. In ruwan ya rikiɗe ya zama jar laka da karairayin itace, ƙasa ta fara motsi a sama. In kuma ana tsaka da ruwan sama rafin ya janye farat ɗaya, wannan ya fi muni, wani abu ne ya toshe shi a can, kuma in ya ɓalle gaba ɗaya zai zo. Ƙarar da waɗanda suka tsira daga irin wannan ke kwatantawa ita ce rugugi kamar na jirgin sama ko jerin manyan motoci, tare da ƙarar karyewar itatuwa.

Yawancin waɗanda zaftarewa ke kashewa a kwance take samun su. Saboda haka a daren da ruwa ya ƙi ɗaukewa, in gidanku a gindin tudu yake, wani babba ya zauna a farke. Yara su kwana a ɗakin da ya fi nisa da bangon tudun. Mafi alheri ma, a je a kwana gidan dangi, ko makaranta, ko masallacin da ke wuri mai aminci. Na san nauyin da ke cikin wannan, mutum ya kwashi iyali da tsakar dare ya buga wa suruki ƙofa, gari ya waye ba abin da ya faru, a yi ta yi masa dariya. A yi dariyar. Takardun gida da na makaranta da katin asibiti a haɗa su a leda ɗaya tun farkon damina, a ajiye tocila kusa, kowa a gidan ya san inda za a haɗu da wanda zai ɗauki tsohuwa da wanda zai goya jariri. In abin ya taso, ba a bin gangare a guje, domin hanyarsa ke nan kuma ya fi ka sauri. Gefe ake yankewa, a fita daga kwarin a hau wuri mai tudu.

Akwai wani abu mai wuyar faɗa ga mutane irinmu da ba ma iya tsayawa kallo ɗan'uwa na cikin ƙasa. A Yulin 2024, a yankin Gofa na kudancin Habasha, ƙasa ta rufta wa wasu gidaje, jama'a suka ruga da fartanya da hannu suna tono, sai tudun ya sake zubowa a kansu. Sama da mutum 200 suka rasu, mafi yawansu masu ceto ne. Ba a ce kada a taimaka ba. A sa mutum ɗaya ko biyu su tsaya daga gefe, aikinsu kawai kallon saman tudun, da usur ko wani ƙarfe da za su buga. A rage yawan masu shiga, mata da yara da 'yan kallo su ja baya can nesa, a kira hukumar agajin gaggawa, a Najeriya lambar ita ce 112.

Abin da ya sa na matsu in rubuta wannan, ɗan yayata ne. Yana aiki a Abuja, haya ta ishe shi, ya sami fuloti a wata unguwa ta bayan gari a kan kuɗin da bai kai rabin na maƙwabta ba. Da na dawo daga Saliyo ya kai ni in sa albarka. Filin a gindin tudu yake, an sare gefen tudun da katafila, ga jan bango ya fi tsayin mutum biyu a daidai inda ya ce ɗakin yara zai kasance. A sama wani ya riga ya yi gini, bututun ruwan wankansa na zuba a kan bangon. Daga gefe ga wasu duwatsu uku manya a zaune, ya ce a nan zai riƙa shan iska da yamma. Na tambaye shi daga ina yake jin duwatsun suka zo. Ya yi dariya, ya ce Kawu ke nan, tunda ka je ƙasar waje komai tsoro yake ba ka, ai komai nufin Allah ne. Na ce haka ne, kuma Shi ne Ya ba mu ido.

Na roƙe shi abu uku. Ya zo da damina ya tsaya a filin ana ruwa, ya ga ta inda ruwan ke bi. Ya nemi tsofaffin wurin, waɗanda suka riga masu sayar da filaye zuwa, ya tambaye su abin da ya sa ba su taɓa yin gini a nan ba. Sannan kafin ya zuba harsashi ya biya injiniya, ba birkila ba, ya duba bangon nan, ya faɗa masa ko za a iya kwantar da shi a yi masa katangar tokara mai kafofin fitar ruwa da lambatu ta sama, ko kuwa haƙura za a yi. Na biyun ya yi. Wani dattijo ya gaya masa cewa da can hanyar ruwa ce, ko gero ba sa shukawa a wurin. Na ukun ya ce sai an yi albashi. Ya zuwa ranar da nake wannan rubutu bulonsa na nan jibge a filin, mai gidan sama bai janye bututunsa ba, matarsa kuma ta kira ni a ɓoye ta ce in ƙara yi masa magana.